Wanda Ya Yanke Zaren Rigar Ulyana

Ina zaune a layi na uku, inda na saba zama shekara ashirin da takwas, lokacin da rigar Ulyana ta ɓalle, tana tsakiyar gasar rawar zamiya a kan ƙanƙara.

Tsallen farko ta yi shi lafiya. A na biyu ta juya sau uku a iska, ƙafarta na taɓa ƙanƙara sai na ga wuyan rigar ya buɗe ta baya. Kafaɗar hagu ta zame. Furen duwatsu masu ƙyalli da na yi kwana huɗu ina jerawa ya faɗi, ya yi ta sulalewa har gaban teburin alƙalai. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, a gaban mutum kusan dubu biyu, ta dafe ƙirjinta da hannu ɗaya. Ba ta tsaya ba. Haka ta ƙarasa sauran minti uku, tana zamiya tana kuka. Sau biyu ta faɗi, don ba a tashi sama da hannu ɗaya.

Doka ce, duk abin da ya faɗo daga jikin riga ya taɓa ƙanƙara, maki ɗaya ya tafi. Ga kuma faɗuwa biyu. Ta zo ta huɗu, alhali uku na farko ne kawai ke zuwa gasar ƙasa. Milana, wadda suke hannun malama ɗaya, ita ta zo ta uku.

Ba wanda ya kalli alƙalai. Ni aka juyo ana kallo.

Mutane suna ɗauka rigar gasa ado ce kawai. To su zo su ɗinka ɗaya. Riga ce da alƙali zai gani tun kafin kiɗa ya tashi, ta gaya masa wace ce wannan yarinya da abin da ta zo faɗa. Dole ta miƙe inda jiki ya miƙe, kada ta yi nauyi, kada ta tashi sama inda bai kamata ba, kuma ta jure juyin da ko igiya sai ta ji a jikinta. Na ɗinka fiye da ɗari huɗu a wannan gari. Ko dutse ɗaya bai taɓa faɗowa ba.

* * *

A barandar ɗakunan canza kaya na iske su. Nonna Arkadyevna, malamar da ke horar da Ulyana tun tana shekara huɗu, ta lulluɓe ta da babbar rigar sanyinta, ta rungume ta. Da ta gan ni ba ta ɗaga murya ba. Ita ba ta ɗaga murya.

"Raisa Gavrilovna," ta ce, "ido idan ya gaji, ba abin kunya ba ne mutum ya faɗa. Amma a faɗa kafin gasa."

Iyaye mata sun fi goma a wurin. Wata ta ce wai ita ma ta lura hannuna na rawa. Matar da na gyara wa 'yarta siket sau uku a wata ɗaya! Shugaban makarantar wasan ƙanƙararmu, Gleb Osipovich, ya ja ni gefe yana kallon takalminsa, ya ce in huta daga ranar Litinin, za su nemo wata mai ɗinki daga babban birnin jiha.

Na ce, "Ba ni rigar."

"Me za ki yi da ita kuma?"

"Tawa ce har sai na san abin da ya same ta. Ba ni."

Na kai ta ɗakin ɗinkina, na sa ta ƙarƙashin fitila. Ƙugiya huɗu ke riƙe wuyan, kowace da ɗinki takwas na zare ninki biyu. Zaren da ya tsinke da kansa bakinsa yakan yi gashi-gashi. Waɗannan bakinsu a daidaice yake. An bi ƙugiya uku da reza an yanke su tas, ta huɗu an bar mata zare biyu, daidai abin da zai riƙe rigar a tsaye amma ba zai jure tsalle ba. Furen kafaɗar ma haka aka yi masa. Wanda ya yi wannan ya san riga, ya san tsalle, ya kuma san a wane minti yake so yarinyar ta tozarta.



* * *

Yefim Lukich shi ke kula da ƙanƙarar filayenmu biyu. Kafin ya zo gari, shekara talatin ya yi yana farauta a dazukan arewa, yana bin sawun dabba a dusar ƙanƙara. Yara suna tsoronsa, don da safe yakan dubi fili ya ce, "Wa ya yi kasala jiya a kusurwar can?" kuma bai taɓa kuskuren suna ba. Na same shi a rumfar motar share ƙanƙara yana shan shayi. Ya juya wuyan rigar a yatsunsa, ya daɗe.

"Yaushe rabonki da ganinta lafiya?"

"Da safe ta yi atisaye da ita, ta dawo min da ita ƙarfe goma sha ɗaya. Na duba kowace ƙugiya. Ƙarfe uku na sa mata da hannuna."

"Kin fita?"

"Sha biyu na je cin abinci. Minti arba'in. Na kulle ƙofa."

"Me kika ci?"

"Miyar kabeji. Ina ruwan miya da wannan?"

"Babu. So nake in ji ko kina tuna abu." Ya ajiye kofin. "Mu je."

A bakin ƙofata ya durƙusa kan shimfiɗar robar da ake sawa don takalman ƙanƙara, masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansu. Ya nuna min wasu ƙananan ramuka. Tsinin takalmin mata ne, kuma mace ɗaya ce a garin nan ke zuwa filin ƙanƙara da takalmi mai tsini: Ilona, uwar Milana.

* * *

Kafin mu kai gare ta labari ya riga mu. Mai sayar da abinci ta ce ta gan ta a barandar da tsakar rana. Wata kuma ta rantse ta ga almakashi a jakarta. Mutanen da awa ɗaya baya suka gama yanke min hukunci, yanzu sun samu sabuwa, suna ta murna.

Ilona ta zazzage jakarta kan benci. "Ga shi nan! Almakashin farce ne. Ku kira 'yan sanda, ku ce na kashe mutum da shi!"

"Kin je ƙofar Raisa Gavrilovna?" in ji Yefim.

"Na je. Siket ɗin Milana yana juyawa gefe, na so a kama min shi. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na tafi."

"Kin ji motsi a ciki?"

"Na ji kamar ana taka katako. Na ɗauka tana ciki ta ƙi buɗewa, don ta fi son Ulyana. Kowa ya san ta fi son Ulyana."

"Ina son duk yarinyar da uwarta ba ta koya min ɗinki," na ce.

Da muka fito na ce masa ita ce. 'Yarta ce ta ci riba, kuma ga sawunta.

"Sawunta ya zo ƙofa, ya tsaya, ya taka wuri ɗaya sau shida kamar mai jin haushi, ya juya," ya ce. "Bai shiga ba. Makullinki ma ba a taɓa shi ba. Ɗakin nan ƙofa ɗaya gare shi?"

Sai a lokacin na tuna. Akwai tsohuwar ƙofa bayan labulen da nake rataye yadi, tana buɗewa kai tsaye kan ƙaramin filin atisaye. Na fi shekara biyar ban buɗe ta ba, ban kuma taɓa kulle ta ba.

Yefim ya ɗaga labulen. A ƙasa, ƙyallayen da suka taru sun share gefe guda, kamar yadda ƙofa ke share su idan ta buɗe. A katakon daɓen kuma ga tsaga sirara guda uku, daga ƙofar zuwa inda rigar take rataye.

"Da takalman ƙanƙara aka shigo," ya ce. "Ilona ko da takalmin roba ba ta iya tsayuwa a kan ƙanƙara."

* * *

Ƙaramin filin ba shi da hanyar tafiya a gefe, ƙanƙarar daga bango take har bango. Sha ɗaya da rabi na ranar Yefim ya share shi, ya zuba sabon ruwa, ya rufe, saboda duk gasar a babban fili ake yi. Ba wanda ya kamata ya taka shi sai Litinin.

Ya hana ni sa ƙafa. Ya kashe fitilun sama, ya kwantar da tocila a kan ƙanƙarar. Sai ga layi ɗaya, siriri, ya taso daga ƙofar ɗakin canza kaya ta can ƙetare, ya lanƙwaso a hankali har bakin ƙofata.

"Ɗaya ne," na ce. "Ya zo bai koma ba?"

"Abin da ke damuna ke nan."

Ya kwanta rub da ciki, tsoho mai shekara sittin da tara, ya bi layin yana jan jiki, hancinsa kusa da ƙanƙara. Ya fi minti ashirin. Da ya tashi fuskarsa ta canza. Na tambaye shi, ya ce sai ya ga ƙafar Milana tukuna.

Ita ma labari ya riga mu. Tunda an ji da takalman ƙanƙara aka shiga, gari ya koma kanta. Mun same ta a kan matakala, lambar tagullarta a cikin aljihu, idonta ya kumbura. 'Yan ajinsu sun daina yi mata magana.

"Gwaggo Raya, wallahi ban yi ba," ta ce, da sunan da yaran ke kirana. "Ina son zuwa gasar ƙasa, amma ba haka ba. Ulya ta fi ni, na sani."

"Ina kike da sha biyu?" in ji Yefim.

"A banɗaki. Ina amai. Kullum haka nake kafin gasa."

"Wa ya gan ki?"

"Wa zai bi ni banɗaki, Kawu Yefim?"

Ya karɓi takalmanta, ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya taɓa haƙoran da ke gaban ƙarfen, waɗanda ake soka wa ƙanƙara a tashi sama. Ya miƙa mata.

"Je ki ci abinci," ya ce. "Gobe ƙarfe tara ki zo ƙaramin fili da takalman nan."

Daga nan ya wuce ofishin Gleb Osipovich, ya ce gobe yana son mutum shida a filin, in ba haka ba a nemi mai share ƙanƙara tare da mai ɗinki.

* * *

Lahadi da safe muka taru a bakin ƙofar ɗakin canza kaya: shugaba, Ilona da Milana, Nonna Arkadyevna, Ulyana, da ni. Ulyana ba ta kalle ni ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

"Wannan wasan yara ne," in ji Gleb Osipovich. "A kan zare?"

"A kan zare aka kori mace jiya," Yefim ya ce. "Milana, bi gefen bango ki je waccan ƙofa ki dawo. Kada ki taɓa tsakiya."

Ta je ta dawo. Ya haska sawunta. Layi biyu ne a warwatse, ƙafar dama da ta hagu suna karɓa-karɓa, ga ramukan haƙora inda ta tashi da inda ta tsaya, ga garin ƙanƙara ko'ina.

"Haka duk yaran yanzu suke," ya ce. "Tsalle aka koya musu, suna yagar ƙanƙara kamar garma. Yanzu ku dubi wancan."

Ya mayar da hasken kan layin jiya.

"Turi ɗaya aka yi daga nan, aka tafi kan ƙafar dama har can. Hagu ba ta taɓa ƙasa ba, mai ita ba ya yarda da ita. Babu ramin haƙori ko ɗaya, don ƙarfen ba shi da haƙoran ƙasa, an goge su. Jiya na ɗauka mutum ya je bai dawo ba. Ku sunkuya. Layi biyu ne. An dawo a kan na farko, daidai, tazararsu ba ta kai kaurin zare ba. A da, kafin a bar yaro ya yi tsalle, sai ya shekara yana zana da'ira a ƙanƙara yana maimaita ta a kan sawunsa, alƙalai su durƙusa su duba. An daina wannan jarrabawa fiye da shekara talatin. Ban ce don ɓoyewa aka yi ba. Ƙafar ce ba ta san wata tafiya ba."



"Ni ba zan kira suna ba," ya ce. "Ulyana, zo ki duba."

Ta zo a hankali, ta durƙusa. Ba ta daɗe ba. Ta sa yatsa a kan layin, ta bi shi kaɗan.

"Tun ina shekara huɗu nake bin wannan sawun," ta ce, muryarta can ƙasa. "Takan wuce gaba ta ce in taka inda ta taka." Ta ɗago. "Nonna Arkadyevna?"

Na ɗauka za ta musa. Ko kunyar musu ba ta yi mana ba. Ta gyara wuyan rigar sanyinta, ta dubi shugaba.

"Gaya musu takardar da ka nuna min ranar Juma'a."

Gleb Osipovich ya yi ta share gumi a cikin wannan sanyi. Ashe wata babbar makaranta a babban birnin ƙasa ta rubuto cewa idan Ulyana ta kai gasar ƙasa za su ɗauke ta. Yarinyar ma ba a gaya mata ba.

"Shekara goma sha uku," in ji Nonna Arkadyevna. "Ni na ɗaure mata takalmin farko. Ni na zauna da ita a asibiti da ta karye. Gwiwata ta mutu a kan wannan ƙanƙara. Sai an gama aiki, wasu su zo su ɗauka, sunansu ya fito a talabijin? Ɗalibai uku suka ɗauke min a baya. Shekara ɗaya kawai nake so, in kai ta da hannuna. Ulya, ba ki shirya ba. Can za su cinye ki."

"Kin tsiraita ni a gaban mutane."

"Maki ɗaya na so ki rasa, da tsalle ɗaya. Ban zaci rigar za ta buɗe haka ba."

Nan na kasa riƙe bakina. "Ƙarya kike! Ƙugiya uku kika yanke, kika bar zare biyu. Kin san abin da zare biyu zai yi. Sannan kika lulluɓe ta da rigarki, kika dube ni a gaban jama'a kika ce idona ya gaji. Jiya kina ji ana jifan wannan yarinya Milana, ɗalibarki ita ma, kika tafi gida kika sha shayi!"

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ke ai ɗinki kike yi, Raisa Gavrilovna. Za ki samu wani aikin."

Ilona ce ta riƙe min hannu. Da ba ta riƙe ba, ban san abin da zan yi ba.

Ulyana ta miƙe. Ta cire rigar sanyin makarantar da ke jikinta, mai sunan malamarta a baya, ta ninke ta, ta ajiye a kan ƙanƙara. Ta zo ta tsaya gabana.

"Gwaggo Raya, ki yafe min. Jiya na yarda da su."

Na gyara mata gashinta kawai.

* * *

Sakamakon gasa ba ya canzawa, haka doka ta ce. Milana ta nemi a ba Ulyana gurbinta, aka ce ba a yin haka. Gleb Osipovich ya ce maganar ta tsaya a tsakaninmu saboda sunan makaranta, ya umarci Yefim ya share ƙaramin filin kafin azahar. Yefim ya ce motar ta lalace. Kwana tara tana lalace. A kwanakin nan babu uwa ko uban da bai zo ya durƙusa ya ga layin da idonsa ba, Yefim na riƙe musu tocila.

Ni dai ba a kore ni ba, ba a kuma ba ni haƙuri ba. Litinin na zo na buɗe ɗakina, shi ke nan. Matar da ta ce hannuna na rawa ta kawo min siket ranar Laraba, ko a jikinta.

Makarantar babban birni ba ta sake rubutowa ba. Ulyana ta tattara kayanta da bazara, ta hau jirgin ƙasa ta je ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da kanta. Sun sa ta a ajin gwaji, tare da yaran da ta girme su da shekara uku. Tana can har yanzu, tana fama.

Nonna Arkadyevna kuwa an ce ta yi ritaya saboda ciwon gwiwa. Har liyafa aka yi mata, da furanni da jawabi.

Da sanyi ya dawo tafkin bayan gari ya daskare, ina wucewa da safe sai na hango ta a tsakiyarsa. Ta share wani yanki, ga ƙananan yara takwas a layi, ga iyayensu a bakin tafki suna buga ƙafa saboda sanyi. Wata 'yar mitsitsiya da jar hula tana biye da ita, tana ƙoƙarin taka inda ta taka.

Na sauka na sami uwar yarinyar. Na gaya mata komai, tun daga ƙugiya har tocila. Ta saurare ni har ƙarshe, da ladabi.

"Na ji labarin, Gwaggo," ta ce. "Kowa ya ji. Amma ai ta iya koyarwa."

Ta juya ta ɗaga wa 'yarta hannu.